Dandalin karatu na intanet: abin da ya kamata makaranta ta sani kafin ta biya kuɗi

Na san wata makarantar sakandare da ta biya wani matashi ya gina mata dandalin karatu a 2020, bayan cutar korona ta sa an rufe makarantun Najeriya a watan Maris. Aiki ya yi kyau, aka tura wa iyaye adireshin ta WhatsApp, malamai suka yi ta ɗora darussa. Bayan shekara guda shafin ya daina buɗewa. Da aka bincika, ashe kuɗin hayar adireshin da na ma'ajiyar ne suka ƙare, saƙon tuni yana ta zuwa imel ɗin matashin, shi kuwa ya tafi bautar ƙasa ya canza lambar waya. Darussan zango uku da makin ɗalibai duk suka bi ruwa. Babu wanda ya yi ha'inci a cikin lamarin nan. Kowa dai ya ɗauka abin kamar ginin aji ne, da an yi fenti an gama.

Shi dandalin karatu shafi ne da malami ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa ya ajiye darasi, ya ba da aikin gida, ya shirya gwaji, ɗalibi kuma ya shiga da nasa ya karanta, ya amsa, ya ga makinsa. Duk waɗannan suna zaune ne a wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda masu sana'ar ke kira saba, wasu kuma uwar garke. Yawanci hayarta ake yi, duk wata ko duk shekara.

Makaranta ba ta bukatar a ƙera mata manhaja daga tushe, kuma duk wanda ya nace sai an yi hakan a tambaye shi dalili. Akwai Moodle, wadda wani ɗan ƙasar Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002. Kyauta ce, kowa na iya ɗauka ya gyara yadda yake so, jami'o'i da makarantu a faɗin duniya suna aiki da ita, sai dai ma'ajiya da kulawa suna wuyan makaranta. Akwai Google Classroom, da ta fito a 2014: ba ruwanka da hayar saba, cikin yini ɗaya an fara aiki, amma gidan wani ne, tsarin da ya shimfiɗa za ka bi. Ga makarantar da sabis ba ya kai mata sosai akwai Kolibri, wadda ake sawa a kwamfuta ɗaya a cikin makaranta, sauran na'urori su jona da ita ba tare da intanet ba. Kafin a sa malamai rubuta komai ma, a leƙa Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, akwai darussan firamare da sakandare a cikinsa kyauta.

Inda aka fi kuskure shi ne a gwada dandali a kwamfutar ofishin shugaban makaranta, ga wuta ga intanet mai ƙarfi, a ce ya yi. Ɗalibin da aka gina dominsa ba a nan yake ba. Yarinya ce 'yar aji biyu da ke jiran mahaifinta ya dawo daga kasuwa bayan isha'i. Ya miƙa mata wayarsa, fuskar ta tsage a gefe, caji ya kusa ƙarewa, ya ce mata, "Maza, kar ki cinye min data." Tana da minti ashirin, ƙila ƙaninta ma yana jiran nasa layin. Idan darasin bidiyo ne na minti arba'in, ta rasa shi ke nan. Idan kuwa muryar malama ce ta minti biyar da shafi biyu na rubutu da za ta iya saukewa ta karanta gobe ba sabis, ta samu. Shi ya sa nake ganin sauti da rubutu su ne gaba, bidiyo sai inda ido ya zama dole, kamar gwajin kimiyya ko zanen lissafi, shi ma gajere. Manhajar Moodle ta waya tana ba da damar sauke darasi a karanta daga baya, amma sai wani ya zauna ya nuna wa iyaye yadda ake yi.

Sai raino, wanda shi ne ainihin aikin. Adireshin shafi haya ne da ake sabuntawa duk shekara. A Najeriya an ware wa makarantun firamare da sakandare adireshi mai ƙarewa da sch.ng, manyan makarantu kuma edu.ng. A yi rajistar da sunan makaranta da imel ɗin makaranta, kuma kalmar sirrin babban mai kula ta kasance a hannun mutum biyu aƙalla, ɗaya daga cikinsu shugaban makaranta. Moodle tana fitar da sabon zubi kusan duk wata shida, tsofaffin kuma ana daina toshe ɓarakarsu bayan wani lokaci, don haka wanda ya bar nasa shekara huɗu ba sabuntawa ya bar ƙofa a buɗe. A riƙa ɗaukar kwafin komai ana ajiyewa a wani wuri daban da sabar, kuma ko sau ɗaya a zango a gwada dawo da kwafin, domin akwai waɗanda sai ranar da suka bukace shi suke gane babu komai a ciki. Duk wannan kuɗi ne, a sa shi a kasafin shekara kusa da man janareta da alli.

Malamai fa? Malamar da ke da aji huɗu da tarin littattafan da za ta duba ba za ta ɗora darasi don an yi mata bita ta kwana ɗaya ba. A ba ta lokaci a jadawali, a ba ta data, a kuma samu malami ɗaya a cikinsu da ake rugawa wurinsa idan abu ya ƙi. Shi ma a rage masa darussa, kar aikin ya zama na "don Allah".

Akwai kuma amana. Sunayen yara, hotunansu, makinsu da lambobin iyayensu ne a ciki. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. A karɓi abin da ake bukata kawai, kowane ɗalibi makinsa kaɗai zai gani, malamin da ya bar aiki kuma a rufe shigarsa a ranar.

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, saboda haka makarantu da yawa suna son yaransu su saba da amsa tambaya a allo. Tunani ne mai kyau, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Dandalin da ke gudu lafiya da mutum goma yana iya tsayawa cak idan ɗari biyu suka danna "fara" a minti ɗaya. A soma da aji ɗaya da darasi ɗaya na tsawon zango, a yi gwajin wasa mako biyu kafin na gaske, da adadin yaran da za su zauna, a daidai lokacin da za su zauna, takardu kuma suna ajiye a ofis ko da wuta za ta ɗauke.