Kome Nisan Jifa: Bayanin Tafiyar Jirgin Lilo Mai Harbi a Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun da aka buɗe dandalin wasanni na Wonderland a Abuja a shekarar 2007, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Magicland, yaran Hausawa ke cuɗanya da na'urorin lilo na zamani waɗanda harshensu bai tanadar wa suna ba. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki tambaya guda daga wannan fage a warware ta da Hausa zalla, domin a gwada ko harshen zai iya ɗaukar nauyin bayanin kimiyya. Tambayar ita ce: me ke hana jirgin lilo mai harbi kaiwa ƙarshen dogonsa?

2.0 Ja da Harbi

A nan "jirgin lilo" na nufin taragon da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara, wanda Turawa ke kira rola-kosta. Iri biyu ne. Akwai wanda ake ja da sarƙa har zuwa ƙololuwa, sannan a sake shi. Akwai kuma wanda ake harbawa daga ƙasa da ƙarfin maganaɗisu ko na matsattsen mai. Fi'ilan "ja" da "harba" sun riga sun fayyace bambancin: abin da ake ja yana tare da mai jan sa har ƙarshe, amma abin da aka harba ya rabu da maharbi, guzurinsa kawai shi ne gudun da ya tashi da shi.

3.0 Lissafin Hawa

Yayin da tarago ke hawa, ƙasa na janyo shi, gudunsa na raguwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ana gano iyakar hawansa idan aka ninka gudun da kansa, aka raba da 19.6. Misali, jirgin Superman da aka buɗe a Kalifoniya ta Amurka a 1997, ya daina aiki a 2024, an tsara harba shi da gudun kilomita 161 a sa'a, wato kusan mita 45 a daƙiƙa. Lissafi ya ba da mita 102, alhali tsawon hasumiyarsa mita 126 ne. Ke nan ko da babu wani cikas, ba zai taɓa kai ba.

Cikas kuwa bai rasuwa. Iska na tare gaban tarago, ƙafafunsa na gugar dogo, sanyi kuma na daskarar da man gishirin ƙafafun. Bugu da ƙari, da gangan magina ke barin rarar dogo a sama, domin dogon a yanke yake. Rarar ita ce garkuwar fasinja ranar da harbi ya zarce ƙima.

Akwai kuma jirgin da dole ya tsallake ƙololuwa. Kingda Ka na jihar New Jersey, wanda ya yi aiki daga 2005 zuwa 2024, yana tashi da kilomita 206 a sa'a, gudun da a lissafi ya isa mita 167, domin ya haye hasumiya mai mita 139. Duk da haka wani lokaci yakan gaza, ya dawo da baya, birkin maganaɗisu ya tare shi.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne mai fassara ya rarrabe waɗannan al'amura biyu. Na Kingda Ka "ya kasa kaiwa" ne, na Superman kuwa "ba a nufe shi da kaiwa ba". Wanda ya gwama su zai sa mai karatu ya ɗauki tsari a matsayin lalacewa. Sauran aiki ya rage ga masana su daidaita kalmomin gudu da guga da janyowar ƙasa, domin tushen bayanin Bahaushe ya daɗe da shi a bakinsa: kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.