Auta da Rumbun Gado

Kowa ya san halin auta. Ya zo ya tarar an gama gini, rumbu cike, sai ya ɗauka haka abin yake tun fil'azal. To, a gidan duniya mu ne autan. Masana sun ce duniya ta kai shekara biliyan huɗu da rabi, amma ƙasusuwan mutum irinmu mafi tsufa, waɗanda aka tono a Jebel Irhoud ta Maroko, shekararsu wajen 300,000 ce. Ko Tumai, ƙoƙon kan nan da aka tsinta a hamadar Chadi a 2001, wanda masanan ke lissafawa cikin danginmu na nesa, bai wuce miliyan bakwai ba. Kada da kunkuru sun girme shi nesa ba kusa ba.

Auta bai zo da ƙaho ko farce ba. Miƙewa ya yi kan ƙafa biyu, hannuwa suka samu sarari, ya fasa dutse ya yi wuƙa, ya riƙe wuta, daga baya ya koyi shuka da kiwo. Har nan dai ɗan tsakure yake yi.

Ɓarnar ta fara ne ranar da ya gano rumbun ƙarƙashin ƙasa. Dazuzzuka da ƙananan halittun teku sun yi miliyoyin shekaru suna tara hasken rana, dami kan dami, ƙasa ta binne su suka zama kwal da man fetur. Cikin shekara ɗari biyu mun ɗebi abin da ya fi hankali, hayaƙin ya taru sama yana riƙe zafi. Bakunan ci kuma sun ƙaru: biliyan ɗaya wajen 1800, biliyan takwas a 2022. In aka ɗora dabbobi masu shayarwa a sikeli, mu da dabbobin gidanmu mun kwashe kashi 96 cikin 100. Giwa da zaki da barewa da sauran yayyen gida, ragowar huɗun suke rabawa.

Manomin kirki ko yunwa ta kai ina, ba ya taɓa damin iri. Mu mun sha cinye shi. Tsuntsun dodo na tsibirin Morishiyos ya ƙare ƙaf tun ƙarni na 17. Amma a Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa wajen hamsin a shekarun 1990, mutanen ƙauyuka da hukuma suka tsare su, yau sun haura ɗari shida. Ashe auta ya iya ware iri, sai dai in bai ga dama ba.