Kamfanin da ya guji dillali, ya dawo yana nemansa

A shekarar 1984 wani ɗalibi mai suna Michael Dell ya fara haɗa kwamfuta a ɗakin kwanansa na Jami'ar Texas da ke Austin, a Amurka, da jarin dala 1,000. Dabararsa guda ɗaya ce: babu kanti, babu dillali. Mai saye ya buga waya, ya faɗi irin na'urar da yake so, a haɗa masa, a aika masa har ƙofar gida. Daga 1996 aka ƙara da ciniki ta intanet.

Abin da ya sa dabarar ta ci shi ne, kayan kwamfuta ba sa jure ajiya. Tamkar tumatir suke a hannun ɗan kasuwa: kowane mako da suka yi a sito, darajarsu raguwa take. Shi kuwa Dell ba ya haɗa na'ura sai an yi oda, don haka ba ya tara kayan da za su tsufa a hannunsa. Sau da yawa ma kuɗin mai saye na shigowa tun kafin kamfanin ya biya masu kawo masa sassa. Zuwa 2001 babu wanda ya kai shi sayar da kwamfuta a duniya.

Sai kasuwa ta juya. Mutane suka koma ga kwamfutar tafi-da-gidanka, ita kuma mai saye yana so ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya danna madannanta, ya duba hasken fuskarta kafin ya fid da kuɗi. A ƙarshen 2006 kamfanin HP, wanda bai taɓa barin dillalai ba, ya ƙwace kambun. A Janairun 2007 Michael Dell ya koma kujerar shugabancin da ya bari a 2004. Cikin wannan shekarar ta 2007 kwamfutocinsa suka shiga kantunan Walmart, aka fito da samfurin Vostro don ƙananan 'yan kasuwa, sannan aka buɗe shirin PartnerDirect na hulɗa da dillalai.

A ganina wannan ce shawara mafi hikima da kamfanin ya taɓa yankewa. Dillali ba la'ada kaɗai yake ci ba. Makarantar da ta sayi kwamfuta hamsin tana bukatar wanda zai girka su, ya ba ta bashi zuwa ƙarshen zango, ya kuma amsa waya ranar da ɗaya ta ƙi tashi. Kamfanin da ke Texas ba zai yi wa kowa wannan ba.

A Janairun 2025 Dell ya sanar da ajiye tsofaffin sunayen da aka saba. Kwamfutocin ofis da aka sani da Latitude suka zama Dell Pro, manyan na'urorin Precision suka zama Dell Pro Max, wasunsu ɗauke da ɓangare na musamman don ayyukan ƙirƙirarriyar basira. Lokacin ya zo daidai, domin a ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma ma'aikatu da yawa a Turai da Amurka suna sauya na'urori. Yanzu dillali ne zai zauna ya bayyana wa kwastoma wane sabon suna ne ya gaji wane.

Nan ne maganar ta iso gare mu. Tsofaffin Latitude da waɗancan ofisoshi ke sallamawa, da yawa irinsu ne ake jerawa a Computer Village ta Ikeja da Farm Centre ta Kano a matsayin na hannu. Suna da ƙarko, ba musu, kuma masu gyara sun san cikinsu. Amma Windows 11 tana bukatar kariyar TPM 2.0, kuma a na'urorin Intel galibi sai zubi na takwas zuwa sama. Duk mai shirin sayen ta hannu, ya sa a kunna masa ita a gabansa ya duba zubin ƙwaƙwalwarta, ya gwada batir, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti kafin ya bar shagon.