Tangaran Turai a Gidan Kayan Tarihi na Victoria da Albert

Abin da nake nufin nunawa a wannan takarda shi ne, tangaran da aka tara a gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a birnin Landan, wanda aka kafa a 1852, yana ba da labari guda mai tsawo, watau yadda Turawa suka yi ta fama ɗaruruwan shekaru suna neman asirin tangaran ƙasar Sin.

Shi tangaran Sin fari ne fat, in an ɗaga shi ga haske sai hasken ya ratsa shi, in an ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Yumɓun da maginan Turai suka sani kuwa ja ne ko ƙasa-ƙasa, yana kuma tsotse ruwa. Dabarar farko da suka samu ita ce ta rufe muninsa da wani ruwan gilashi mai haɗe da kuza, wanda in ya sha wuta yakan zama fari, a yi zane a kansa. Wannan dabara ba tasu ba ce asali. A Iraƙi aka fara ta a ƙarni na 9, Musulmin Andalus suka kai ta Turai, sa'an nan ta isa Italiya, daga bisani garin Delft na Holan, inda aka riƙa kwaikwayon shuɗin zanen Sin a ƙarni na 17. Duk wanda ya dubi tsinken bakin ɗaya daga cikin waɗannan farantai zai ga yumɓun nan ya leƙo. Farin na sama ne kawai.

A Fulorans, wajen 1575, gidan sarautar Medici ya gwada haɗa farin yumɓu da garin gilashi. Aikin bai daɗe ba, kuma kaɗan suka rage a duniya, wasunsu suna wannan gida.

A ƙasar Saksoni ta Jamus aka gano bakin zaren. Sarki Augustus ya tsare wani saurayi, Böttger, wanda ya yi iƙirarin zai iya ƙera zinariya. Zinariya dai ba ta samu ba, amma shi da masanin nan Tschirnhaus sun gano a 1708 cewa akwai wani farin yumɓu mai suna kawolin, wanda in an cuɗa shi da garin dutse mai narkewa, aka toya da zafin da ya wuce digiri 1,300, yakan zama tangaran na ainihi. Aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Faransa ba ta sami nata kawolin ba sai wajen 1768. Ingilishi kuwa suka bi wata hanya, suka zuba tokar ƙashin shanu cikin haɗin.

A ganina, kwanukan da suka karkace a wuta sun fi kyawawan amfani ga mai nazari, domin a jikinsu ake gane abin da maginin ya haɗa, da inda zafin ya fi ƙarfinsa.