Alkawarin Burtsatse da Iyakar Kujerar Ciyaman a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Ranar 5 ga Oktoba, 2024, hukumar zaɓe ta Jihar Jigawa, JISIEC, ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 27, jam'iyyar APC kuma ta kwashe kujerun ciyaman baki ɗaya. A irin wannan zaɓe, da ake sanin gwani tun kafin a kaɗa ƙuri'a, ba a cika tsayawa muhawara kan manufa ba. Sai dai akwai maganar da ba ta taɓa ɓacewa a dandalin kamfen, daga Kazaure har Babura, wato ruwan sha. Mai neman kansila ya ce famfon tuƙa-tuƙa, mai neman ciyaman ya ce burtsatse da tanki da sola, jama'a su tafa.

Abin da ba a faɗa wa masu tafin shi ne, kundin tsarin mulki na 1999 bai ambaci ruwan sha a jerin ayyukan ƙaramar hukuma ba. Cikin abin da jadawali na huɗu na kundin ya lissafa akwai kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, magudanar ruwa, kwashe shara, banɗakin jama'a, rajistar haihuwa da mutuwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Ruwa a Jigawa yana hannun hukumomin jiha uku: Hukumar Ruwa mai kula da manyan garuruwa, STOWA mai ƙananan garuruwa, da RUWASA mai karkara. Ciyaman na iya haƙa rijiya, yana iya sayen kayan gyara, amma babban bututun da ke ratsa garin Kazaure ba nasa ba ne. Wanda ya yi alkawarin kai famfo kowace unguwa, da aljihun gwamnatin jiha ya yi shi.

Sannan ƙasar kanta ba iri ɗaya ba ce. Kazaure da Roni da Gwiwa suna zaune a kan tsohon dutse, wanda tsaunukan da matafiyi ke gani a hanyar Kano zuwa Daura ke nunawa. A nan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana maƙale ne a tsagar dutse da ruɓaɓɓen samansa, ba ya shimfiɗe kamar a gabashin jihar, wajen Hadeja, inda yashi ke riƙe shi. Ana iya haƙa burtsatse a samu ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wani a tashi a tutar babu. Shi ya sa binciken masana kafin injin haƙa ya sauka ya fi bikin ƙaddamarwa muhimmanci, ko da yake shi ne kuɗin da ake fara yankewa idan ɗan kwangila ya so riba. Rijiyar da aka haƙa a ƙofar gidan mai faɗa a ji, ba inda ruwa yake ba, kan ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Babura, mahaifar tsohon gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ta fi rairayi, tana kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, ga garken makiyaya da ke neman mashaya a lokacin rani. Tsari guda ba zai yi wa ƙananan hukumomin huɗu ba.

Kazaure dai tana da madatsar Muhammadu Ayuba, wadda aka gina a shekarun 1970, lokacin yankin na cikin tsohuwar Jihar Kano. Ruwan na kwance, amma tacewa da turawa kuɗi suke ci.

Kuɗin nan ne ya yi tsalle bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Janareton da ke tura ruwa cikin tanki ya zama nauyi, kuma idan ya tsaya, sai 'yan garuwa su ƙara wa jarka kuɗi. Komawa sola ya rage wannan ciwon kai, amma ya zo da nasa: ɓarayin faranti, da famfon da idan ya ƙone kanikawan ƙauye ba sa iya taɓa shi. A nan ne kansila ke da aikin yi na gaske, domin kwamitocin ruwa da tsafta na ƙauyuka, masu tara 'yan kuɗin gyara, suna buƙatar wanda zai kai kukansu sakatariya.

Batun tsafta kuwa na ƙananan hukumomi ne kai tsaye. A Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili, kuma riƙe wannan matsayi ya dogara ga banɗakin kasuwa da na tasha, waɗanda ba sa aiki sai da ruwa.

Uzurin rashin kuɗi kuwa ya fara rauni. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasar, amma kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya da sunan ƙananan hukumomi ake fitar da shi, kuma Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura kowacce na da nata rabon duk wata.