Gonar gwaji ta na'ura mai ƙwaƙwalwa

Manoman fadamar Jiratawa sun san sabon iri ba ya zuwa hannunsu kai tsaye. Sai ma'aikatan INRAN sun shuka shi a tashar bincike ta Tarna, kusa da Maraɗi, sun ga yadda yake jimre fari da ƙwari, kana a raba shi. Haka ake yi wa Debian, babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda Ian Murdock ya kafa a shekara ta 1993, ake kuma samun ta kyauta.

Cikin Debian akwai ƙunshin manhaja fiye da 60.000, kowane da aikinsa: wani na rubutu, wani na lissafi, wani na haruffa irin su ƙ da ɗ. Kowane yana da mai kula da shi, galibi ɗan sa-kai da ba a ba shi ko dala. Idan mawallafin manhaja ya fitar da sabon gyara, mai kula yakan shirya shi, ya sa shi a reshen da ake kira Sid, wato gonar gwajin. An ɗauko sunan daga wani yaro mai fasa kayan wasa a fim ɗin Toy Story, ya kuwa dace. Ƙunshi yakan yi kamar kwana 5 a nan. In ba a kawo ƙarar babban aibi ba, sai ya wuce reshe na biyu, inda ake tara abin da zai zama tsayayyen bugu, kamar Debian 13 na watan Agusta 2025.

A watan Maris 2024 aka ga ranar wannan tsari. Wani injiniya, Andres Freund, yana aiki da Sid, sai ya lura shiga na'urarsa daga nesa ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani da ya kau da kai. Shi kuwa ya bi sawu, har ya tarar an dasa ɓoyayyar ƙofa cikin xz, ƙaramar manhaja mai matse fayil. Ƙofar ta riga ta shiga Sid da reshe na biyu, amma ba ta kai tsayayyen bugu ba, wanda ma'aikatu da jami'o'i da yawa ke dogara da shi. Nan da nan aka mayar da tsohuwar xz.

Wanda ya dasa ƙofar ya yi kimanin shekara biyu yana kawo gyare-gyare na gaskiya har aka amince da shi. Mai xz na asali, Lasse Collin, shi kaɗai yake ɗauke da aikin, tun 2022 kuma ya faɗa cewa nauyin ya yi masa yawa.