Tifa Ba Mudu Ba Ce: Abin Lura Kafin A Sauke Yashi Da Tsakuwa A Ƙofar Gida

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Kano da Kaduna da Zariya da Katsina sun fara mayar da hankali ga harabar gidajensu. Bayan an gama gini, sai maigida ya so ya shuka ciyawa, ya dasa furanni da 'yan itatuwa, ya shimfiɗa tsakuwa inda mota za ta tsaya. Wannan abin a yaba ne, idan aka dubi yadda zafi da ƙura suke addabar biranenmu. Sai dai a nan ne kuma ake tafka asarar da ba a cika lissafa ta ba, domin mutumin da zai ɓata rabin sa'a yana cinikin kwan fitila, shi ne zai ɗaga waya ya ce, "A kawo mini ƙasa tifa biyu," ya biya, ya wuce ofis.

Matsalar ta faro ne daga ita kanta kalmar "ƙasa". Kakanninmu ba su kasance suna yi wa abin da suke takawa kuɗin goro ba. Suna da yashi da rairayi da turɓaya, suna da tsakuwa da burji da marmara, suna da laka da yumɓu, sannan sun bambanta jigawa da fadama da fako. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana ɗauke da sanin abin da wannan ƙasa za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Matan da suke daɓen ɗaki sun san burji ake nema, a yayyafa masa makuba, maginin tukwane kuwa yumɓu yake bi. Yau ɗan boko ya tattara wannan ilimi duka ya dunƙule shi a kalma guda, direban tifa kuma ya kawo masa abin da ya fi kusa da hannunsa.

Bari mu fara da ƙasar shuka, tunda ita ce aka fi yin ha'inci a kanta. Jar ƙasa, wato marmara, ta ciko ce. Da ita ake ɗaga fili, a daddaɓe ta a ƙarƙashin hanyar mota, kuma abin da ya sa ta dace da hakan, wato yadda take ƙanƙamewa ta yi tauri, shi ne ya sa ciyawa ba ta jin daɗinta. Ƙasar shuka kuwa ita ce ta saman gona ko fadama, mai duhu, mai ɗauke da ruɓaɓɓen ganye. Mai karatu zai iya gwada ta da hannunsa: ya jiƙa ta kaɗan, ya dunƙula. Idan ta warwatse nan take, yashi ya yi mata yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. Idan ta yi danƙo tana ƙyalli, laka ce, za ta kwantar da ruwa da damina, ta tsattsage da rani. Ta kirki ita ce wadda za ta dunƙulu, amma da an ɗan taɓa ta sai ta farfashe. Yana da kyau kuma a karɓi samfuri a zuba a tukunya, a riƙa ba shi ruwa har mako biyu, domin a ga irin ciyawar da za ta fito. Duk wanda ya bari jiji ya shigo masa gida a cikin ƙasar saye, to ya ɗauko wa kansa aikin shekaru, saboda 'ya'yansa suna kwance a ƙarƙashin ƙasa, kuma tuge ganyen ba ya kashe su. Haka nan a guji ƙasar bola da ake sayarwa da sunan taki, wadda ke cike da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, a wurin da yara za su yi wasa.

Shi kuwa yashi, mai kaushi na kogi shi ne na kwaɓa siminti da shimfiɗa a ƙarƙashin intalok, mai laushi kuma na filasta ne. Babban aibinsa shi ne laka, wadda take hana siminti kamawa. Gwajin bai fi ƙarfin kowa ba: a zuba yashin a farar kwalba, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye kamar sa'a uku. Yashin zai kwanta a ƙasa, lakar ta hau kansa. Injiniyoyi sukan ɗauki kashi 6 zuwa 8 cikin 100 a matsayin iyakar lakar da za a lamunta. Dangane da tsakuwa, ta kwari wadda inji ya farfasa tana da kaifi, saboda haka tana cije juna, ba ta guduwa a ƙarƙashin taya. Ta kogi mai sulɓi ta fi kyan gani a gindin furanni, amma idan aka zuba ta a hanyar mota za ta riƙa watsewa. A kuma faɗi girman da ake so tun wurin ciniki, rabin inci ne ko kashi uku cikin huɗu na inci, ko kuwa garin dutse ne.

Sai batun awo, wanda shi ne kan gaba wajen jawo rigima. Mudu da tiya, duk da bambancinsu daga kasuwa zuwa kasuwa, aƙalla mai saye yana ganin su da idonsa. Tifa kuwa mota ce, akwai mai taya shida, akwai mai taya goma, akwai kuma wadda aka cika ta yi tozo da wadda aka zuba mata rabi. Hanyar kuɓuta ita ce lissafi. A auna tsawon wurin da faɗinsa da kaurin da ake bukata, a ninka su. Alal misali, fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, idan ana son ƙasar shuka mai kaurin santimita 10, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ciyawa take bukata, zai ci kubik mita 8. A ƙara kamar kashi 15 cikin 100 saboda ƙasa tana zama bayan ta sha ruwa, sai ya haura kubik mita 9. Idan mota ta iso, a sa tef a auna bodinta da zurfin abin da ke ciki kafin a juye. Wanda ake sayar masa da nauyi kuma ya sani cewa kubik mita ɗaya na busasshen yashi ya kai kimanin tan 1.6, wato tan 10 bai fi kubik mita 6 da 'yan kai ba. Ɗanyen yashi yana cutar mai saye ta fuska biyu: idan da nauyi ne ya biya kuɗin ruwa, idan da cikar mota ne kuma danshi yana kumbura yashi da kashi 20 cikin 100 ko fiye, ya bushe ya sauka.

Lokaci ma yana da tasiri. Da damina koguna suna cika, motoci ba sa iya shiga, farashi ya tashi. Mai hangen nesa da rani yake sayen kayansa, ya gyara fili, ya karkata shi kamar santimita 2 a kowace mita domin ruwa ya riƙa nisantar gindin gini, sannan ya jira saukar ruwan farko ya yi shuka. Ranar kawo kaya kuma ya tsaya da kansa ko ya wakilta wanda ya san abin da aka yi ciniki a kai, kada ya biya duka kafin ya gani. Ya lura kada babbar mota ta hau kan sokawe ko ƙaramin kwalbati. Ya kuma tuna da haƙƙin maƙwabta, domin tarin yashin da ake bari a bakin titi wata da watanni shi ne ruwan Agusta yake kwasa ya toshe magudanai da shi, unguwa ta wayi gari cikin ambaliya.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda ba kasafai mai saye yake yin ta ba: daga ina aka ɗebo? A shekarar 2022 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa duniya tana cin kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a kowace shekara, abin da ya sa bayan ruwa babu albarkatun ƙasa da ake ɗiba kamarsu. Mu ma muna ganin namu rabon. Ɗibar yashi ba bisa ƙa'ida ba tana zaftare gaɓar kogi, ta cinye gonakin talakawa, ta raunana gindin gadoji. Ramukan da ake bari bayan an kwashi marmara su ne suke zama kududdufai, matattarar sauro, inda yara suke nutsewa da damina. Badalar Kano, wadda aka faro gininta tun zamanin Sarki Gijimasu wajen ƙarni na 12, ta sha fama da masu yankar ƙasarta. Bugu da ƙari, ƙasar da aka kwaso daga inda ruwan masana'antun jima na Challawa ko Sharaɗa yake malala ba ta dace da lambun da za a ci ganyensa ba. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta shekarar 2007 ta sanya haƙar yashi da tsakuwa da marmara don kasuwanci a cikin abubuwan da sai da izini, saboda haka tambayar dillali inda yake ɗauko kayansa haƙƙi ne na mai saye.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, sayen nagari kuma mayar da kuɗi gida. Ya kamata ƙungiyoyin direbobin tifa su rubuta awon kowace mota a jikinta, hukumomin tsara birane kuma su ware wuraren ɗiba, su tilasta cike ramuka bayan an gama. Mu kuma da muke alfahari da karatu, mu kira kowace ƙasa da sunanta, mu auna kafin mu biya, mu tabbata kyan harabarmu bai zama sanadin rushewar gonar wani ba. Allah Ya sa mu dace.